Sumar Darmaji Wanzami da Kofin Thomas

A bakin titin da ya fita daga garin Tegal na ƙasar Indonesiya ya nufi kudu akwai tsamiyoyi goma sha ɗaya a jere. Ta bakwai ita ce shagon Pak Darmaji, wato Baba Darmaji a harshenmu. Madubi ɗaya ya kafa mata da ƙusa, sai kujerar katako, bencin masu jira, aska biyu, almakashi uku, da butar ƙasa ta shayi wadda ba ta hucewa. Duk wanda ya zauna a kujerar nan da abu biyu yake tashi: kai fes, da tarihin Kofin Thomas, kofin badminton na ƙasashen duniya, tun daga tushe.

Ba a roƙonsa. Da ya ɗaura maka ƙyalle a wuya, ka shiga aji ke nan.

"Alif ɗari tara da hamsin da takwas, a Singafo. Muka je ba wanda ya san sunanmu, muka ƙwace shi daga hannun Malaya. Ɗaya ke nan. Sunkuya. Sittin da ɗaya, biyu. Sittin da huɗu, uku. Sittin da bakwai kada ka tambaye ni, aska ce a hannuna. Saba'in, huɗu. Juyo da kunnen."

Kafin ya kai kofi na takwas ya gama ƙeya, ya kakkaɓe maka wuya, ya kira na gaba.

A ƙauyenmu badminton ba wasa ba ne kawai, abinci ne. In ka ƙirga gida uku, biyu kok suke yi, ƙwallon nan mai gashin tsuntsu goma sha shida. Uban Darmaji ma sana'arsa ke nan, kuma ya so ɗansa ya zama ɗan wasa. Darmaji ya gwada iyakar ƙarfinsa. Gajere ne, kuma hannunsa bai san hanyar raga ba, duk kok ɗin da ya buga sai an ɗauko tsani an hau rufin maƙwabta. Da uban ya ga kayan sayarwa na ƙarewa a kan rufi, sai ya kai shi wurin kawunsa ya koyi aski. A nan hannun ya samu abin da aka halicce shi dominsa. Amma zuciyar ba ta bar fili ba. Yana ɗan shekara goma sha biyu ya ji labarin kofin farko a rediyon mai gari, kuma tun daga ranar ya ɗauki 'yan wasan ƙasa tamkar yaran gidansu. Har ya tsufa "yara" yake kiran su.

Ya auri Warsiti a shekarar saba'in, shekarar da kofi ya dawo. 'Ya'yansu uku aka haifa a saba'in da uku, saba'in da shida, saba'in da tara, duk shekarun kofi. Shi ya ce tsari ne. Ita ta ce bai tsara ko tsinke ba. Da aka mai da gasar duk shekara biyu maimakon uku, Bu Warsiti, wato Uwargida Warsiti, ta sanar da shi cewa ita ta ajiye aiki, ƙasa ta nemi wata.

Abin ya faru ne a tamanin da shida. A lokacin kofi takwas gare mu, kuma wasan ƙarshe a Jakarta za a yi, a gidanmu, da Sin. Mutum sittin da huɗu suka cika barandar mai gari a gaban talabijin ɗaya, har da waɗanda suka hau taga. Aka yi biyu da biyu. Wasa na biyar ya kuɓuce. Sinawa suka ɗaga kofin a tsakiyar Jakarta, baranda ta yi tsit, ba ka jin komai sai tsotson shayi.

Kasmuri ne ya fara magana. Abokin Darmaji ne tun suna yawo ba wando, mai yin kok, kuma bakinsa bai taɓa hutu ba. Kang, wato yaya, yake kiran sa.

"To, Kang, sai ka rage darasin naka. Kofin nan ya hau jirgi. Kafin ya dawo, ni da kai mun koma shan kunu da dasashi."

"Shekara biyu," in ji Darmaji.

"Ashirin dai."

"Na ce biyu!"

"Da me za ka dawo da shi? Da hannun nan naka mai aika kok sama wurin tsuntsayen da aka fige?"

Aka fashe da dariya, irin wadda mutane ke yi don kada su yi kuka. Darmaji ya miƙe, ya hau benci don a gan shi, ya cire baƙar hularsa ya ɗaga.

"Ku shaida! Wallahi tallahi, aska ko almakashi ba za su taɓa kaina ba sai kofin nan ya dawo gida!"

Mutum sittin da huɗu suka shaida. Ya sauko yana huci, a ransa yana cewa shekara biyu ai ba komai ba ce.

Washegari Bu Warsiti ta ja shi har gidan Kyai Tarmudi, limamin ƙauye. Malam ya saurara, ya shafa gemu, ya ce abin mai sauƙi ne.

"Rantsuwar fushi ce, Pak Darmaji, kuma barin suma ba ibada ba ne. Ka ciyar da miskinai goma, ka yi askinka, magana ta mutu."

"Pak Kyai, yaran fa?"

"Waɗanne yara?"

"'Yan wasa. In na warware, da wane ƙarfi za su shiga fili?"

"Sun san da kai ne?"

"Ba sai sun sani ba."

Bu Warsiti ba ta jira ya yarda ba. Ta dafa shinkafa da awara da miyar kwakwa, ta kira miskinai goma ta ciyar. Kyai ya ce Allah ya ba da lada, amma kaffara sai da niyyar mai rantsuwa. Mai rantsuwa kuwa yana gindin tsamiya yana shafa kansa.

Tamanin da takwas, Malesiya ta fitar da mu a wasan kusa da na ƙarshe. Suma ta sauko kafaɗa. Casa'in, Malesiyar dai ta sake. Suma ta wuce allon baya. Ya fara naɗe ta kamar gammo yana cusawa cikin hula, hular ta riƙa tsayawa a sama kamar murfin tukunyar da ke tafasa. Ya sayi babba, ya sake sayen wadda ta fi ta, daga ƙarshe ya koma rawani. Man kwakwa kwalba biyu a wata take sha. Matajin gidan huɗu ta karya.

Kasuwa kuma ta ji a jikinta. Wanda yake aske kai goma sha huɗu a yini ya dawo shida. Baƙo zai tsaya da kekensa, ya dubi madubi, ya dubi wanzamin, ya tambaya ko mai shagon ya fita. A madadin masu aski sai wasu irin mutane suka fara zuwa. Wata mata ta zo daga bayan dutse da baƙar kaza tana neman maganin miji mai yawo, don an ce mata akwai wani mai sumar asiri a gindin tsamiya ta bakwai. Darmaji ya ce shi aski kawai ya iya. Ta ce haka manyan ke faɗa. Da ƙyar ta tafi, kazar ma ta bar ta.

A casa'in da biyu mun kai wasan ƙarshe a Kuala Lumpur. Ya wasa aska tun da safe, ya ajiye ta a kan talabijin. Uku da biyu, Malesiya. Ya mai da askar cikin kube. Bu Warsiti ta ɗora tukunya. Miskinan ƙauyen sun riga sun gane lissafin: duk bayan gasa akwai shinkafa a gidan Darmaji, har akwai wanda ake zargi da yi wa Malesiya addu'a.

Bayan 'yan watanni yaranmu suka ciwo zinare biyu a gasar Olamfik ta Barcelona. Ƙasa ta ɗauki murna, aka yi ta kiɗa a titi. Bu Warsiti ta fito da almakashi da hannunta.

"Pak, zauna. Zinare biyu. Ai ya fi kofin azurfa."

"Zinare a wuya ake ratayawa, Bu. Ni kofi na ce."

"In zuba maka zinaren a kofin shayi, ya zama kofi?"

"Mutum sittin da huɗu sun ji abin da na ce."

"Bakwai daga cikinsu sun mutu!"

"Saura hamsin da bakwai."

Ta ajiye almakashin. Ba ta sake tayar da maganar ba, kuma da ya san matarsa yadda ya san kofi, da shirun nan ya ba shi tsoro. Gonar albasa gare ta, gadon ubanta. Ta sayar, ta biya musu kujerar Makka su biyu. Ranar da ta faɗa masa ya yi kuka don murna, ya yi sujada, ya zagaya ƙauye yana sanarwa. Sai da suka zauna a wurin bita, Kyai Tarmudi yana jera ayyukan Hajji ɗaya bayan ɗaya, ya iso ranar Sallah: jifa, yanka, aski. Darmaji ya ji rawaninsa ya yi nauyi.

"Pak Kyai, askin nan... dole ne?"

"A mazhabarmu rukuni ne. In babu shi Hajji bai cika ba." Malam ya dube shi ta saman tabarau. "Kuma matar mutum ba ta halatta gare shi sai ya yi."

Kasmuri, wanda shi ma zai tafi a shekarar don kok ya yi kasuwa bayan zinaren, ya yi dariya har da buga cinya. Bu Warsiti kuwa tana sashen mata tana gyara mayafi kamar ba ta ji ba.

Darmaji ya koma gida ya dubi kalandar bango. Gasar casa'in da huɗu a Jakarta za a yi, kuma wasan ƙarshe ya faɗo daidai da ranar Sallah. Ya buga tsalle.

"Bu! Kin gani? Yara su ci da yamma, ni in yi aski da yamma. Komai ya zauna!"

"In ba su ci ba fa?"

"Za su ci."

"Na ce in ba su ci ba."

Ya ce zai je ya duba ko ya rufe akwatin aska.

Sauran tawagar duk umara suka fara yi, wadda ake ƙarewa da saisaye. Shi ya zaɓi ifradi, Hajji zalla, don kada almakashi ya kusance shi kafin ranar Sallah. Ma'ana zai zauna cikin harami tun daga sauka har ƙarshe. Bu Warsiti ta ce ba za ta bar shi ya yi hauka shi kaɗai ba, ta bi shi. Ba sabulu mai ƙamshi, ba mai, ga rana irin wadda ba su taɓa gani ba.

Kuma namiji cikin harami ba ya rufe kai. Wannan ne Darmaji bai lissafa ba. Rawani ya sauka, sumar shekara takwas ta zubo har ƙugu a gaban duniya. Taje ta ma ba ya yi, tsoron kada gashi ya tsinke. Cikin sati guda ta dunƙule ta zama kamar tabarmar da ruwa ya ci. Gajere ne, ga farar tufa, ga suma: sau uku masu tsaron ƙofa suna kora shi sashen mata. Wata tsohuwa 'yar ƙasarmu ta dafa shi ta baya ta ce, "Bu, rufe kanki mana, nan fa Makka ce." Ya juyo da gashin baki, tsohuwar ta yi salati ta bar takalmi ɗaya a wurin.

"Bu Hajiya Darmaji," Kasmuri ke kiran sa tun daga ranar. Shi ma dai bai tsira ba. Wanzamin da ya yi masa saisayen umara cikin gaggawa ya taɓa masa kunne, sauran mazan ma kowa ya fito da kai kamar gonar da akuya ta shiga. Saboda haka mazan tawagar, su ashirin da uku, suka yanke shawara: ranar Sallah ba wanda zai taɓa kansu sai Darmaji.

Ranar ta zo. Sun yi Arfa, sun yi jifa, sun dawo tantinsu a Mina ƙafafu a kumbure. Maza ashirin da uku suka jeru a kan tabarma, kowa ya matsu ya sa riga. A bita an koya musu cewa mai yi wa wasu aski ya fara da kansa. Darmaji ya buɗe akwati, ya jera aska da almakashi a kan ƙyalle, ya zauna ya naɗe hannu.

"Mu ɗan jira labari."

Akwai ƙaramar rediyo a tantin. An murɗa ta gabas, an murɗa ta yamma, an ɗaura mata cokali a kan eriya. Ba ta ba da komai sai shuuu da Larabci.

"Kang, zufa ta kai mana inda ba a faɗa," in ji Kasmuri. "Labarin nan yaushe zai zo? Gobe? Jibi?"

"In ya zo mun ji."

"In an cinye mu fa? Haka za ka koma Tegal, Alhajin da bai gama ba, ka zauna shekara biyu kana gaida matarka ta taga?"

Kyai Tarmudi ya matso, ya sassauta murya.

"Pak Darmaji, ban ce ka yi ƙwal-kwabo ba. Gashi uku. Uku kacal ya isar a mazhabarmu. Kanka akwai dubu ɗari, ba wanda zai san sun tafi."

"Da me za a yanke su, Pak Kyai? Aska ko almakashi?"

Nan Kasmuri ya tafa hannu. "Tsaya! Me ka ce a baranda? Aska ko almakashi. Ka ce yatsa? Ba ka ce ba! Pak Kyai, in an tsige fa?"

Malam ya gyara tabarau. "Tsigewa ma gusarwa ce. Ya halatta."

Tanti ya ɗauki kabbara. Darmaji ya ji kamar an sauke masa buhun shinkafa daga ka. Ga Hajji, ga rantsuwa, ba wanda ya taɓa wani. Kasmuri ya riga ya naɗe hannun haraminsa yana zaɓen gashi masu ƙiba, sai labulen da ya raba su da mata ya motsa.

"Kang Kasmuri, cire hannunka daga kan mijina."

Bu Warsiti ce. Ba ta shigo ba, a bakin labulen ta tsaya, fuskarta duk ta ƙone da rana.

"Bu, an samu mafita," in ji Darmaji. "Uku kawai, da yatsa..."

"Na ji. Tantin ba bango gare shi ba. Pak, wa za ka yi wa wayo? Ni ka yi min shekara takwas, na haƙura. Nan kuma gidan wa ka zo?"

Ta gyara riƙon labulen, ta ci gaba.

"Gonar babana na sayar. Ban kawo ka nan don ka tsaya kana ciniki da gashi uku ba. Kuma kada ka ce min mu jira rediyo. In ka jira sai an ce an ci sannan ka aske, to ba don Allah ka aske ba, don kofi ka aske. In an ce ba a ci ba ka tsige uku a ɓoye, su ma don kofi ka bar sauran. Yanzu nake so, tun ba ka san komai ba." Ta ɗaga ƙarshen mayafinta kaɗan. "Ni ma ban yanke nawa ba. Matan tantin nan duk sun gama, sun yi min tayi na ƙi. Shekara ashirin da huɗu ina auren wanzami, ba wata ce za ta taɓa min kai a Mina ba. Ina jira."

Ta saki labulen.

Darmaji ya zauna yana kallon askarsa. A can Jakarta, ya sani, yara suna ɗaure takalma. Ya ga filin a idonsa, ya ga raga, ya ji ihun mutane. Shekara takwas yana riƙe musu da abin da yake da shi, yau da suka fi bukata zai saki. Ya dubi labulen. Ƙafafunta na nan a ƙasansa, ba ta matsa ba, dugadugan duk sun tsage.

Ya ɗauki askar ya miƙa wa Kasmuri, ta wajen mariƙi.

"Yanke naka ukun da kanka, ka zo. Duka za ka kwashe."

"Kang, ni fa gashin agwagwa na iya."

"Bismillah ka ce. Fara da dama."

Sai da almakashi biyu suka gaji kafin aska ta ga fata. Kasmuri na aski, Darmaji na hawaye yana ba da umarni. "Kwantar da ita, ba rake kake fere ba. Ja fatar. Ku yafe ni, yara. Wayyo, kunnena! Ramuwa kake yi?" Wuri biyar ya yanke shi. Da aka gama aka tara sumar, ta cika ledar da ake zuba takalma har ta yi tozo. Kan ya fito fari sol, ƙarami, kamar ƙwan da aka ɓare. Iska ta taɓa shi ya yi atishawa.

Ya wanke hannu, ya ɗauki ƙaramin almakashi ya je bakin labule. Bu Warsiti ta zaro ƙarshen kitsonta ta ƙarƙashin mayafi. Ya auna gaɓar yatsa ɗaya ya yanke, a hankali, kamar mai yanka alharini. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Ashe kunnuwa gare ka," ta ce. Sai ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa, shi bai san ko dariya ce ko kuka ba.

Ya dawo ya aske kai ashirin da uku ɗaya bayan ɗaya. Ranar ce kaɗai a rayuwarsa ya yi aski bai ambaci Singafo ba.

Bayan magariba shi da Kasmuri suka fita ɗibar ruwa. Tantunan 'yan Malesiya na maƙwabtaka da na 'yan ƙasarmu, famfo ɗaya ake bi. A layin akwai wani dattijo riƙe da buta, babbar rediyo rataye a kafaɗarsa, fuskarsa kamar an aiko masa da rasuwa. Ya ji harshensu ya juyo.

"'Yan Indonesiya ne? To, barkanku da Sallah biyu."

"Biyu, Pak Cik?"

"Uku da babu. Ko numfashi ba ku bar mu mun yi ba."

Butar Darmaji ta faɗi. Ya kama dattijon ya rungume, ya sumbaci goshinsa, ya sumbaci rediyon, ya ba shi haƙuri, ya sake rungume shi. Kasmuri ne ya tsaya da tambaya.

"Pak Cik, yaushe aka fara wasan?"

"Wajen la'asar ɗin nan. Tun bugun farko na san yau ba tamu ba ce."

Kasmuri ya dubi kan Darmaji mai sheƙi. Ya dubi dattijon. Ya sake duban kan. Da suka shiga tanti, ya tsaya a tsakiya ya ɗaga murya yadda mata za su ji.

"Jama'a, kofi ya dawo! Kuma ku taya ni lissafi. Da suma: tamanin da takwas, babu. Casa'in, babu. Casa'in da biyu, babu. Yau da la'asar na ɗora aska a kan mutumin nan, da la'asar yara suka fara cin wasa. Uku da babu! Wa ya riƙe mana kofi shekara takwas?"

Daga bayan labule muryar Bu Warsiti ta fito sarai.

"Da ka zauna na aske ka tun ranar farko, Pak, da yanzu goma sha biyu gare mu."

Kyai Tarmudi ya yi ta cewa camfi ne, a ji tsoron Allah, gashi ba ya buga kok. Ba wanda ya ji shi, shi kansa gemunsa rawa yake yi don dariya.

Da suka dawo gida Alhaji Darmaji ya ciyar da miskinai goma, wannan karon da niyyarsa, har da tsiren ɗan akuya. Kasuwa ta dawo, har ta wuce da. Bai taɓa yarda da lissafin Kasmuri ba. In an tayar da maganar sai ya ce ƙafafun yara ne da gumin masu horar da su, shi meye nasa. Amma da gasar casa'in da shida ta zo, mutanen ƙauye suka taru a gindin tsamiya da safe, suka zaunar da shi a kujerarsa, suka ɗaura masa ƙyallensa, Kasmuri ya wasa aska. Ya yi ta faɗa yana cewa jahilci ne, amma bai tashi ba, har ma ya nuna inda aka bari a bayan kunne. Aka ci. Casa'in da takwas aka aske shi, aka ci. Dubu biyu, aka ci. Dubu biyu da biyu, aka ci. Biyar a jere, kofi goma sha uku. Kyai ya gaji da wa'azi a kai, ya koma wucewa ta ɗaya gefen titi yana istigfari.

Sai dai kai ba gona ba ne. Tun wajen kofi na goma sha biyu Kasmuri ya lura aikin na raguwa, aska na gamawa tun shayi bai huce ba. Zuwa dubu biyu da huɗu sanƙo ya cinye komai, daga goshi har ƙeya. Aka zaunar da shi duk da haka. Kasmuri ya shafa kumfa, ya ja aska, ya duba bakinta: kumfa ce zalla. Ya kawo tabarau, ya juya kan wajen rana. Babu.

A Jakarta aka yi gasar, kuma Denmak ta fitar da mu tun a wasan kusa da na ƙarshe.

Bayan kwana biyu dattawan ƙauye su shida suka yi sallama a ƙofar gidan, Kasmuri a gaba, hula a hannu. Bu Warsiti ta fito da ludayi. Suka gaishe ta, suka tambayi jikoki, suka yaba shukar barkononta. Sannan Kasmuri ya yi gyaran murya ya ce sun zauna sun duba lamarin, gasa mai zuwa ba ta da nisa, kuma sun lura Alhaji har yanzu yana da gira biyu masu kauri, ga gashin baki.

Daga cikin ɗaki aka ji Darmaji yana cewa, "Bu, in dai girar hagu ce kawai..."

"Kai, yi shiru," ta ce, ba ta ko waiwaya ba. Ta nuna musu titi da ludayin. "Kan nasa na ba wa ƙasa. Fuskar tawa ce. Ku je ku ce wa yaran su koyi gudu."